Sa'ad Da Wana Ya Sauka A Gidana

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, gama maganar cikin gida ce, da kunya kuma a cikinta. Sai da na nemi izinin wana tukuna. Ya ce in rubuta, muddin ban ambaci suna ba, gama ya sani ba gidanmu kaɗai ne wannan baƙo ya taɓa sauka ba.

A watan Yuli na 2022, wata ranar Alhamis da yamma, na komo daga makarantar da nake koyarwa a Kaduna, sai na tarar da wana zaune a kan benci a ƙofar gida, da jaka ɗaya kusa da ƙafarsa. Ruwan sama ya jiƙa shi. Mai gidan da yake haya ya fitar da shi saboda bashin shekara biyu. Tun ban kai kusa da shi ba, warin giya ya riga shi gaishe ni. Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ya ce, "Malam, na zo." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Bari in gaya muku ko wane ne shi, don kada ku ɗauke shi mashayi kawai. Shi ne ɗan farin mahaifinmu. Da ya gama firamare ya bar ƙauyenmu da ke kusa da Kafanchan, ya zo ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, a lokacin da masaƙun Kaduna suke aiki dare da rana. Da albashinsa na yi kwalejin horon malamai. Takalmin fata na fari da na taɓa sawa, shi ya saya mini. Tun a lokacin yakan sha ranar Asabar tare da abokan aiki, ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Daga 2002 masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasa ma ta rufe. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya rasa dalilin tashi. Asabar ta zama kowace rana. Daga baya matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, ni kuwa ban ga laifinta ba.

A gidan da muka tashi ba a gardama a kan giya. Mahaifinmu yana cikin waɗanda suka fara bin Yesu a ƙauyenmu ta hannun masu bisharar mishan ɗin SIM, wadda ekklesiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Kakarmu kuwa mai dafa burkutu ce ta gaske. Takan jiƙa dawa har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwane, ta bar shi ya kwana har ya tashi. A zamanin nan ba aikin gayya, ba biki, ba makoki, sai da burkutu. Da shi kuma ake yi wa kakanni da dodanni zuba a wurin tsafi. Saboda haka wanda ya ce ya tuba, abu na fari da mutane ke dubawa shi ne ko ya ajiye ƙwarya. Mahaifinmu ya ajiye, ya sha zagi, 'yan'uwansa suka ƙi zuwa gayyarsa shekara da shekaru, gama kunu yake ba su. Ban isa in rena wannan ba. A wurinsa barin giya shi ne shaidar da kowa a ƙauye yake iya gani da ido.

Amma sa'ad da na girma na karanta Littafi Mai Tsarki da kaina, sai na ga maganar ba ta tsaya yadda aka koya mana a makarantar Lahadi ba. A Yohanna sura 2, al'ajabi na fari da Ubangiji ya yi shi ne mayar da ruwa ruwan inabi a gidan biki a Kana. Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa. A wani gefen kuma ga Nuhu kwance tsirara a alfarwarsa, ga abin da ya sami Lutu, ga ƙarshen sura 23 ta Karin Magana, inda aka zana mashayi da jajayen idanu da raunukan da bai san inda ya same su ba, yana farkawa yana neman ƙari. Ga kuma gargaɗin Afisawa sura 5 a kan buguwa. Abin da na gane shi ne, Littafi ya la'anci maye sarai, ya kuma yabi waɗanda suka keɓe kansu daga sha, kamar zuriyar Rekab a Irmiya 35, amma bai kafa doka ɗaya a kan kowa ba. Har ruwan inabi marar maye da ekklesiyoyi da yawa suke amfani da shi a Jibin Ubangiji, a 1869 ne wani Bametodis a Amurka mai suna Thomas Welch ya gano yadda za a dafa shi don kada ya tashi. Surukina kuwa ɗan Katolika ne, yakan sha ƙwarya ɗaya da yamma bayan gona, uwargidana ta ce ba ta taɓa ganinsa yana tangaɗi ba, kuma ba a yin addu'ar asuba a majami'arsu ba shi.

To, a nan ne kunyata take. Da na kai ga wannan ganewa, sai na fara shan kwalba ɗaya jefi-jefi, a ɓoye, ga shi ni dattijon ekklesiya ne. Da na tsaya a gaban 'yan'uwa na faɗi ra'ayina a fili, da sauƙi. Amma ban yi ba. Ranar Lahadi ina gyaɗa kai idan fasto ya tsauta wa masu sha, a ɗakin ajiya kuwa akwai kwalabe biyu bayan buhun masara. Uwargida ce kaɗai ta sani.

Daren da wana ya iso, ni da uwargida ba mu yi barci ba. Ta ce, "Maigida, ban ce a kore shi ba. Amma muna da budurwa 'yar shekara 14 da saurayi ɗan 17. Me za su gani? Kai kana fita da safe, ni ce zan wuni da shi." Gaskiya ta faɗa. Kashegari na je wurin wani dattijo, wanda ya girme ni ƙwarai, don neman shawara. Ya buɗe mini 1 Korintiyawa sura 5, inda Bulus ya lissafta mashayi a cikin waɗanda ikilisiya za ta janye jiki daga gare su, har kada a ci abinci tare. Ya ce, "Ɗana, ka nema masa ɗaki a waje ka riƙa biya." Na komo da nauyin zuciya, gama wannan Bulus ɗin ne ya rubuta wa Timoti cewa mai bi da ya ƙi kula da danginsa ya yi musun bangaskiya. Ubangiji da kansa an yi masa gorin cin abinci da masu zunubi. A ganina, Bulus yana magana ne a kan horon ekklesiya ga mai taurin kai da ke fahariya da zunubinsa. Wana ba fahariya yake yi ba. Ko ɗaga ido ya dube ni ba ya iyawa. Muka share masa ɗakin baƙi.

Yanzu ku saurara da kyau, gama saboda wannan sashi ne musamman na ɗauki alƙalami.

Na ƙudura a raina zan raba shi da giya farat ɗaya. Yana wanka na bincike jakarsa, na sami ƙananan ledoji na barasa mai ƙarfi, irin wadda a lokacin ake sayarwa a kowane kanti da tasha da kuɗin da bai kai na burodi ba. (Su ne waɗanda hukumar NAFDAC ta sanar da hana yinsu a farkon 2024, tare da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni.) Na tsiyaye su duka a lambatu, na kulle ƙofar waje, na sa mabuɗi a aljihu, na sanar da azumi da addu'a na kwana uku a gida. Ya roƙe ni, "Malam, ka bar mini ko ɗaya, ba ka san abin nan ba." Na ce Shaiɗan ne ke magana ta bakinsa.

Ranar fari hannuwansa suka soma rawa, gumi yana zubo masa, ya yi ta amai. Muka ƙara ƙarfin waƙa, muna cewa mugun ruhu ne yake fita. Rana ta biyu bai runtsa ba, ko cokali ba ya iya riƙewa, sai aka yi ta ɗura masa kunu. A dare na uku ya fara kakkaɓe jikinsa, wai tururuwa sun rufe shi, yana nuna bango yana ihu wai ga macizai. Bai gane ni ba. Yana ta kiran mahaifinmu, wanda ya rasu tun tuni. Can wajen ƙarfe 2 na dare ya faɗi ƙasa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ya ciji harshensa. Uwargida ce ta fizge mabuɗi daga aljihuna ta je ta buga ƙofar maƙwabcinmu, wani Alhaji mai mota. Bawan Allah nan bai tambayi kome ba, ya fito da mota ya kai mu asibiti, ya kuma zauna tare da mu har gari ya waye.

Likitan da ya karɓe mu yaro ne, bai fi sa'an ɗalibaina na dā ba, amma ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun ina yaro. Ya ce, "Baba, saura kaɗan ku kashe shi." Ya bayyana mini cewa giya tana danne ƙwaƙwalwa ne, ita kuwa ƙwaƙwalwar mai sha kullum takan ƙara ƙaimi domin ta daidaita. Kamar mutum biyu ne suna jan igiya da ƙarfi shekara da shekaru, ɗaya ya saki ba zato, ai ɗayan sai ya kife. Ya ce rawar jiki takan fara cikin awoyi kaɗan zuwa kwana ɗaya bayan shan ƙarshe, jijjiga takan zo a kwana biyun fari, ruɗewa da gane-gane kuwa wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan na ƙarshe yana kisa idan ba a yi magani ba. Suka sa masa ruwa, suka yi masa allurar kwantar da jijiyoyi, suna rage ta kaɗan kaɗan, suka ba shi bitamin B1, wanda jikin mashayi yakan rasa, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa. Kwana 6 muka yi. Da aka auna hantarsa aka ce ta taɓu, amma da sauran dama idan ya bari.

'Yan'uwa, ban ce a daina addu'a ba, Allah ya kiyaye. Addu'ar uwargida ce, na gaskata, ta sa ta tashi ta buga ƙofar nan. Amma idan naku ya daɗe yana sha kowace rana, har hannunsa yana rawa da safe sai ya sha yake lafawa, kada ku yanke masa a gida da ƙarfin tsiya. Ku kai shi asibiti a raba shi da ita a hankali a gaban ma'aikatan lafiya. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, manyan asibitoci kuma suna yin wannan aiki. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Mu da muke kai mai zazzaɓin cizon sauro asibiti muna yi masa addu'a a hanya, me ya sa wannan za mu kulle shi a ɗaki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, wajen miliyan 2 a cikinsu maza ne. Saura ƙiris in ƙara ɗaya da hannuna, ina waƙar yabo.

Muka komo gida. Mako uku yana lafiya, yana cin tuwo har da ƙari, fuskarsa ta fara cikowa. Wata rana na dawo na tarar da shi kwance a tsakar gida, a buge. Na hau faɗa, ina tambaya wa ya ba shi kuɗi, wa ya buɗe masa ƙofa. Uwargida ba ta ce kome ba, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin ajiya. An ja buhun masara gefe. Ga kwalabena biyu, ba kome a ciki. Ta aike shi ɗebo masara ne za a kai niƙa.

Da safe na shiga ɗakinsa, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara magana. Ya ce, "Malam, ban ga laifinka ba. Kai kana shan ɗaya ka tashi ka tafi. Ni ɗayata ba ta da ƙarshe." Na sha karanta Romawa sura 14, inda Bulus ya ce wa masu ƙarfi su bar nama ko ruwan inabi idan za su sa ɗan'uwa tuntuɓe, amma kullum ina ɗaukarta maganar tsofaffin da ransu zai ɓaci idan sun gan ni da kwalba. Ban taɓa tunanin cewa ɗan'uwan da ake nufi zai zama wana, uwa ɗaya uba ɗaya, kwance a kan katifata ba. Tun ranar ban ƙara sha ba. Ra'ayina a kan abin da Littafi ya koyar bai sāke ba, ba na kuma hukunta surukina da irinsa. Amma 'yancin da zai jefa wana a rami, ba ni da amfani da shi. Na kuma je na faɗa wa fasto da dattawa abin da na ɓoye. Wannan ya fi mini barin kwalbar wuya nesa ba kusa ba.

Daga nan uwargida ta karɓi ragamar al'amarin, ta kuwa fi ni hikima. Ta zauna da shi ta ce, "Yaya, gidan nan gidanka ne, ba mai korarka. Amma ga yadda za mu zauna." Giya ba ta shiga gida, ko ta wane ne, ko da baƙo ne ya kawo ranar biki. Ba ma ba shi kuɗi a hannu, abin da yake bukata mu saya masa. Ba ma biyan bashinsa a mashaya. Mai burkutun unguwa ta zo sau ɗaya, uwargida ta ba ta wurin zama da ruwa, ta gaya mata cewa duk wanda ya ƙara ba shi bashi ya yi kyauta. Ba ma yin ƙarya domin rufa masa asiri, ba ma kuma tallarsa. Idan ya komo a buge, za a buɗe masa ƙofa, a kwantar da shi a kan gefensa, ba rigingine ba, don kada amai ya shaƙe shi, magana kuwa sai da safe, gama wa'azi ga wanda ke cikin maye zuba ruwa ne a kwando. Abu ɗaya ne ta ce zai raba mu, watau idan ya ɗaga wa wani hannu a gidan. Bai taɓa yi ba.

Yaran ma mun gaya musu gaskiya. Na ji tsoro ƙwarai kada ɗana ya koya, amma abin da ya gani a daren nan na uku ya fi dukan wa'azin da na taɓa yi masa. Suna kiransa Baba Babba, suna gaishe shi a durƙushe ko da jiya sun ga an shigo da shi a kafaɗa. Wannan na nace a kai. Ranar da mutum ya ga ba sauran mai girmama shi, ba shi da abin da zai tsare kuma.

Likitan nan ya ba ni labarin wata ƙungiya da mashaya biyu suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935, wadda ake kira AA a taƙaice, inda masu fama da sha suke taruwa suna faɗa wa juna gaskiya, ba su yin alkawarin har abada, sai na yini ɗaya. A 1951 aka kafa wata domin iyalansu, gama an lura cewa mutanen gida ma suna jigata. Mun ari wannan dabara. Kowace safiya bayan addu'ar iyali, wana yakan roƙi Ubangiji ƙarfin yau kaɗai. Akwai mutum biyu a ekklesiyarmu da suka bi ta wannan hanya, sukan zo ranar Laraba su zauna da shi a ƙarƙashin mangwaro. Ba na zama tare da su. Abin da suke faɗa wa juna ba nawa ba ne.

Kada ku zaci labarin ya ƙare da biki. Ya yi wata 8 bai sha ba, ya faɗi a wurin wani makoki a ƙauye. Ya tashi, ya sāke faɗuwa da Kirsimeti na 2023, har kwana huɗu ba mu san inda yake ba, ina ta zagaya mashaya da asibitoci, zuciyata tana tuna mini mutanen da ogogoro mai guba ta kashe a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Akwai daren da na ce wa uwargida na gaji, gobe zan sa shi a mota. Ta ce in bari gari ya waye. Akwai kuma daren da ita ce ta gaji, ni na ce ta bari. Allah cikin jinƙansa bai taɓa barinmu mu gaji dare ɗaya ba. Matan zumunta sun taimake ta ƙwarai, wasu da ziyara, wasu da kwanon abinci, ko da yake akwai waɗanda suka hana 'ya'yansu zuwa gidanmu.

Dattijon nan da ya buɗe mini Korintiyawa, shi ne daga baya ya tuna cewa wana ya yi shekaru yana gyaran injuna a masaƙa. Ya kawo shawara a ba shi kula da janareto da famfon rijiyar burtsatse na majami'a, ladan kuwa a riƙa ba uwargida ta ajiye masa. Daga cikin kuɗin ne ya fara aika wa 'yarsa ta ƙarshe kuɗin makaranta. Matarsa ba ta komo ba, amma yanzu tana ɗaukar wayarsa.

Yau watansa 11 ke nan. Har yanzu idan ya wuce ƙarfe 8 bai shigo ba, nakan ɗauki benci in zauna a bakin ƙofa, wai shan iska nake yi. Shekaranjiya sai wajen 10 na ji tafiyarsa, na kasa kunne ko ƙafar tana ja. Ya iso, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji, ashe janareto ne ya ƙi tashi ana shirin taron farkawa. Ya dube ni, ya dubi bencin, ya sunkuyo ya hura mini numfashi a fuska, ya ce, "Sansana, Malam." Warin goro ne. Ya wuce ciki yana tambayar uwargida ko an rage masa tuwo.